Ƙasar gonata ta ƙi haƙuwa, yaya zan kafa ƙarafan shinge da na get?

Sabon Manomi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar gini da noma ina neman shawara, abin nan ya hana ni barci wallahi. Bara na sayi wani ɗan fili a wajen Gwarzo, ƙafa 200 ne a 150, na dasa mangwaro da gwaiba da lemun tsami guda 60, tun kaka nake ba su ruwa da jarka. To tunda aka kawar da amfanin gona aka saki dabbobi na shiga uku, duk dashen da ya fitar da sabon ganye kafin in dawo awaki sun cinye, wasu na zagaye su da ƙaya wasu da tsohon buhu amma bai hana ba, guda 14 sun riga sun bushe. Shi ne na ce bari in daure in zagaye wurin gaba ɗaya da waya mai ƙaya in huta.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo angil, ƙarfen nan mai kusurwa, aka yanka min guda 70, kowanne ƙafa 6, da fayif biyu na get, na kuma ba mai walda ya haɗa min get mai ganye biyu faɗin ƙafa 12 saboda mota ta riƙa shiga da taki. Na ɗauki leburori huɗu, tun safe har la'asar ramuka 6 kawai suka yi kuma ba wanda ya kai ƙafa ɗaya, ƙotar diga ta karye sau biyu, da idona na ga tartsatsin wuta yana tashi in an sara. Daga sama jar ƙasa ce mai tsakuwa kamar taki ɗaya na hannu, daga nan sai ka tarar da wani abu ja mai duhu kamar tsatsa da 'yan ramuka-ramuka a jikinsa, in ka buga sai digar ta yi tsalle ta dawo maka. Da muka ga haka sai muka gwada dukan ƙarfen da babbar guduma ko zai shiga da kansa, kan ya baje kamar naman kaza, guda uku kuma suka lanƙwashe a tsakiya.

Na get ɗin ma ya fi ɓata min rai. Ramin ƙafa ɗaya aka yi, aka zuba kankare na rabin buhu a kowanne, washegari muka rataya get ɗin saboda ina sauri, yau sati biyu ke nan fayif ɗin dama ya sunkuyo ciki, ganyen yana jan ƙasa sai an ɗaga shi da hannu biyu kafin ya buɗe.

Yanzu muna cikin Maris. In jira damina ne ƙasa ta yi laushi, alhali kafin nan ƙila ba sauran dashe ko ɗaya? Ko akwai injin da ake haya? Kuma zurfin nawa ya kamata a yi? Na get ɗin zai gyaru a haka ko sai an tone? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Birkila:

Wa alaikumus salam. Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a dashen. Abin da ka kwatanta marmara ce, kuma yankinku da ma an san shi da ita, ita ce ake haƙa ana zubawa a hanya ana cewa burji. Halinta shi ne in tana binne a ƙasa da damshi tana saruwa, amma in ta sha rana da iska sai ta ƙanƙame ta koma dutse, kai kuma ka zo mata a tsakiyar rani lokacin da ba ɗigon damshi a cikinta. Don haka leburorinka ba su yi lalaci ba, kayan aikin ne ba su dace ba, lokacin ma bai dace ba.

Na farko ka ajiye diga. Diga tana buƙatar fili ta yi lilo, ramin shinge kuwa ƙarami ne, da ya wuce taki ɗaya bakin digar ba ya isa ƙasan ramin sai dai ya yi ta cin gefe. Dagi ake amfani da shi. Ka je wajen maƙeri ya yi maka guda biyu ko uku masu nauyi, da tsohon ƙarfen mota ko rodi mai kaurin milimita 25, tsawonsa ya kai kafaɗar mutum, baki ɗaya a fere shi da faɗi kamar kurfi ɗayan a bar shi da dunƙule don daɓe. Ɗaga shi ake a sake shi ya faɗi da nauyinsa, ba ƙarfin damtse ake sa masa ba, ana yi ana juya bakin, sai a kwashe ƙasar da gwangwani ko tsohon kwano.

Na biyu ruwa, kuma nan ne duk dabarar take. Kar ka ce sai ka gama rami ɗaya ka koma na gaba. Ka ja igiya ka yi alamar duka 70 ɗin, kowanne a fara shi iya inda ya tsaya ko da inci 5 ne, da yamma rana ta yi sanyi a cika su da ruwa, jarka ɗaya za ta yi ramuka uku a farko, a rufe bakin da tsohon buhu ko ciyawa don kar rana ta shanye. Da asuba a bi su da dagi, za ka ga inci 3 ko 4 sun fita kamar ba ita ba, in an kai inda ya sake tauri a tsaya kar a yi gardama da shi, a sake zuba ruwa a wuce na gaba. Kwana biyar ko shida kana wannan zagayen za ka ga yawancinsu sun kai. Kuɗin 'yan garuwa bai kai kuɗin ƙotar diga da yinin lebura huɗu a kan ramuka 6 ba.

Akwai waɗanda ruwan ba zai yi musu komai ba, za ka gane su, da safe za ka tarar ruwan yana nan kwance yadda ka zuba shi kuma dagi yana ƙara ƙal-ƙal. In a tsakiyar layi ne ka matsa gaba ko baya ƙafa ɗaya ko biyu a kan igiyar, waya ba ruwanta da tazara ta zama daidai cif. In a kusurwa ne ko wajen get inda ba halin matsawa, ka nemo masu haƙar rijiya na garin, su kullum cikin fasa marmara suke, suna da gajeriyar diga da kurfi da guduma, abin da lebura zai yini a kai su awa biyu ne.

Zurfi kuwa abin da muke bi, kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙarfe ya shiga ƙasa, in ƙasar mai tauri ce irin taka kashi ɗaya cikin huɗu ya isa. Naka ƙafa 6 ne, ka binne ƙafa ɗaya da rabi, huɗu da rabi a sama. Na kusurwa ƙafa 2 kuma a tokare su ta ɓangare biyu.

Get ɗinka kam ka yi haƙuri sai an tone. Ba ya gyaruwa, ko ka turo shi ya miƙe ka cusa duwatsu, ruwan farko zai koma. Ganye mai ƙafa 6 duk nauyinsa a gefe ɗaya yake rataye, dare da rana yana jan kan fayif ɗin ciki, ramin ƙafa ɗaya ba zai riƙe ba ko a kan dutse ne balle kankaren kwana ɗaya. Ka yi ramin ƙafa 3 zurfi, faɗi ƙafa 2, ƙasan ya fi bakin faɗi kaɗan. Kwaɓi buhu ɗaya na siminti, kwanon gini 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa, kar a cika ruwa, ana zubawa ana soka rodi a ciki don iska ta fita. Ka ɗaura dutse a zare ka duba tsayuwar fayif ɗin ta gefe biyu, ka tokare shi da katako, sannan ka yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a rataya komai. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, sati ɗayan nan shi ne mafi ƙaranci, a zafin Maris in ba ka jiƙa shi ba ƙonewa yake ya yi ta marmashewa.

Ni dai shawarata duka 70 ɗin ka sa musu kankare ko kaɗan ne.

Mai walda na bakin titi:

Slm. Oga birkila ya gama magana a kan ruwa da get, ban da abin ƙarawa sai kaɗan, amma maganar a sa wa duka 70 kankare ban yarda ba gaskiya, asarar siminti ce. Amfanin angil ai shi ne ana dukansa ya shiga, in ya shiga ƙasa mai tauri da duka ƙasar da kanta ta riƙe shi gam fiye da wanda aka haƙa wa rami aka mayar da ƙasa.

Malam kuskure biyu akayi wajen dukan. Na ɗaya nasan yadda aka yanka maka su a kasuwa haka ka kai su gona baki a miƙe, to yaya zai huda marmara. Ka mayar da su wajen mai walda ya yanke bakin kowanne a karkace ta gefe biyu ya yi tsini kamar an fere alƙalamin allo. Na biyu guduma. Guduma tana dukan gefe ɗaya na angil ne shi yasa kan yake bajewa jikin yake lanƙwasa, kuma haɗari ne babba, wani yaron shagonmu garin riƙe ƙarfe ana duka gudumar ta goce ta sauka a hannunsa, yatsu biyu har yau basa lanƙwasuwa, yaro ƙarami ko aure baiyi ba, tun daga ranar na hana a riƙe ƙarfe da hannu ana dukansa a gabana.

Abin da muke haɗawa maimakon guduma, fayif mai kauri inci 3 tsawon ƙafa biyu da rabi, a toshe kansa da faranti mai kauri sosai a yi masa walda zagaye biyu, in da hali a ƙara guntun ƙarfe a ciki don nauyi, sai a sa masa hannu biyu na rodi a gefe da gefe. Zura shi ake a kan angil ɗin kamar hula, mutum ɗaya ko biyu su ɗaga su sake, duk nauyin yana sauka a tsakiya, ba gocewa ba lanƙwasa ba mai riƙewa. Da ragowar ƙarfe ake yinsa ko wane mai walda ka kwatanta masa zai gane. Sai dai kar a ɗaga shi har ya fita daga kan ƙarfen, nan ne yake faɗo wa mutum a ka. Ka haɗa da dabarar ruwan oga birkila, wato ka buɗe ramin inci 6, ka jiƙa kwana biyu, ka soka dagi ya yi masa hanya sannan ka kafa angil ka buga. In kaji ƙarar ta canza ƙarfen ya daina sauka ka tsaya, dutse ne, ƙarin duka lanƙwasa shi kawai zaiyi.

Kankare na kusurwa huɗu ne da na get da kuma duk bayan ƙarfe bakwai ko takwas ka sa wa ɗaya, don su ne suke ɗaukar jan waya.

Sannan fayif ɗin get, wane iri ka saya? In mai sirara ne irin na rumfa ko ka binne ƙafa 5 zai lanƙwashe daga daidai bakin kankaren. Inci 4 mai kauri ake so. Kafin a binne a yi masa walda da guntayen rodi a gicciye a gindi su kama kankaren kar ya riƙa juyawa, a shafa jan fenti na tsatsa, a cika cikinsa da kankare ko a toshe kan don in ruwan sama ya taru a ciki daga ciki yake cinye shi baka sani ba. Kuma tunda kace ƙafa 6 ne tsawon angil to fayif ɗin get dole ya fi haka, ƙafa 3 tana ƙasa ka ga sai ka nemi mai ƙafa 8 ko 9. Ganyen kuma a duba ko akwai ƙarfe a karkace daga saman wajen hinji zuwa ƙasan ɗaya gefen, in babu a ƙara.

Injin haƙa rami mai murɗaɗɗen baki kamar sukuru da ake ta tallarsa kar ka ɓata kuɗinka, na ƙasa mai laushi ne, in ya ci karo da marmara tsayawa yake cak ya murɗe hannun mai riƙe da shi. In inji za ka yi haya to na fasa kankare da janareta, shi ma na ramukan da suka gagara kawai.

Birkila:

Maigida mai walda, maganarka gaskiya ce ta fuskar ƙarfi, amma gonar nan ba a bayan gidansa take ba. Abin da aka buga ya shiga ana iya girgiza shi ya fita, damina na sauka ƙasa ta jiƙa mutum biyu a dare ɗaya sai su zare ashirin su kai a auna a kilo. Na ga inda aka yi haka, mai gona ya zo ya tarar da waya a kwance a ƙasa. Dunƙulen kankare a gindi ko kwano ɗaya ne yana sa ɓarawo ya yi tunani. In siminti ya yi tsada to ko a sa wa ɗaya a tsallake ɗaya.

Dattijon Karaye:

Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanta min wannan, na ce ya rubuta min amsa tunda kusa da mu ne.

Yaro, sannu da himma, mai dasa itace ba ya asara in sha Allahu. Masu sana'a sun faɗa maka nasu, ni abin da zan fara tambayarka, kafin ka ja igiyar nan ka kira maƙwabtanka na gabas da yamma da kudu da arewa sun tsaya? Ka kira mai unguwa? Darni na kara in an yi kuskure ana tuge shi a matsar da yamma ɗaya, amma ƙarfe da siminti in ya shiga taki ɗaya cikin gonar wani, rigima ce har 'ya'yanku. Ka tara su a ja igiyar a gabansu, kai kuma ka ja baya kaɗan cikin naka, ba za ka rasa komai ba. Kuma ka tambaya ko akwai burtali ko hanyar rafi da ta bi ta gefen, in akwai ka bar ta a buɗe yadda take, shanu ba su san waya ba hanyar da suka saba suka sani, in ka tare za su tura, in suka ji ciwo kuma magana ta girma.

Mu da muka taso ba ƙarfe, da dirka muke yi, kuma a irin wannan ƙasar. Ba mu taɓa haƙa a Maris ba sai dole. Ana bari ruwan farko da na biyu su sauka, kafin a duƙufa shuka, a kwana biyu an gama ramukan da za su ci maka wata guda yanzu. Amma na ji uzurinka, dashe ba zai jira ba, to ka bi ta ruwan jarka.

Abin da nake so in ƙara shi ne daɓe, don yaran yanzu ba su iya ba, sai su tura ƙasar duka lokaci ɗaya su taka da ƙafa su ce an gama. Ba haka ba ne. Kaɗan ake zubawa, kamar tafi uku, a ɗan yayyafa ruwa, a daka da gindin dagi har sai ka ji yana ƙara kamar daɓen ɗaki, sannan a ƙara. Na can ƙasan ramin shi ne mai riƙewa, shi da na bakin. In an yi daidai ƙasar da ka fitar ba za ta isa cika ramin ba sai ka ƙaro. Ita wannan marmarar da ka farfasa kar ka zubar, ita za ka mayar, in ta daku ta bushe kusan siminti ce.

In ƙarfen bai isa ba ka cike da itace, amma ba kowanne ba. Kirya ita ce sarauniya, ita ake turmi da ita maƙera kuma suke gawayi, gara ba ta iya mata, akwai dirkar kirya a gidanmu da ta girmi ɗan nan mai rubutu. Sai dai ta yi wuya yanzu kuma ban ce ka sa a sare ɗanya ba. Azarar giginya ma tana daɗewa. Turare kuwa da ake sayarwa a bakin hanya, in ka binne shi haka nan gara za ta gama da gindinsa kana ganin samansa lafiya lau. A ɓare ɓawon, a babbaka gindin a wuta ya yi baƙi, a shafa baƙin mai, amma ban da kusa da rijiya. Kuma itace ba a sa masa siminti, ruwa yake riƙewa a gindi ya ruɓar da shi.

Allah ya ba da sa'a, ya sa ka ci 'ya'yan da hannunka.

Sabon Manomi:

Amin Baba, na gode ƙwarai, wallahi maganar maƙwabta ba ta zo min ba sam, takardar ciniki kawai na riƙe. Gobe in sha Allah zan je wajen mai unguwa. Oga mai walda fayif ɗin inci 3 ne kuma gaskiya ba shi da kauri, zan canza. Tambaya ɗaya, layi nawa na waya zan ja? Na sayi abin da zai yi layi huɗu.

Uwar Lambu daga Maraɗi:

Salamu alaikum, ku yi hanƙuri in sa baki cikin maganar maza. Ɗan'uwa layi huɗu shanu kawai zai tare. Akuya in kanta ya shiga to jikinta ya shiga, kuma ta ƙasa take bi, ta durƙusa ta sulale ko ƙayar ta yage ta ba ta damu ba in tana hango ɗanyen ganye a rani. Mu ƙungiyarmu ta mata muna da lambu, mun yi wannan kuskuren, mun kashe kuɗi kan waya mai ƙaya shekarar farko 'yan awaki suka cinye muna salati da kabeji muna ji muna gani. In kana da hali ka sa wayar raga daga ƙasa zuwa ƙugu, ka binne bakinta kaɗan cikin ƙasa ko ka danne da duwatsu, mai ƙayar layi biyu a sama. In ba hali to layi shida ko bakwai, na ƙasa su matsu sosai tazarar yatsu biyar, ka kuma saƙa ƙaya ko kara a tsakaninsu.

Ƙasa mai tauri kuwa mun san ta, nan muna ce mata fako. Wajen Tawa mutane da rani suke haƙa ƙananan ramuka a kan fako suna zuba taki a ciki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan sama ya samu hanyar shiga, har gero ya yi a wurin da ko ciyawa ba ta fita. Na kawo wannan ne don dashenka, in ƙasar da ta gagari diga ita ce ƙarƙashin mangwaronka to saiwar ma tana shan wahala, ka faɗaɗa musu kwari ka zuba taki tun yanzu.

Kuma kar ka dogara da ƙarfe kaɗai. Ta cikin wayar ka dasa shinge mai rai, mu aguwa muke sawa, dabba ba ta cika cin ta ba saboda ƙaronta, ku can kuna da dashi da bini-da-zugu. Reshe ake sara a bar shi ya sha iska kwana kaɗan, a kafa shi ƙarshen rani dab da saukar ruwa, in ka bari sai ƙasa ta jiƙe sharkaf ruɓewa yake. Ramin taki ɗaya ya ishe shi ba sai ka yi faɗa da marmara ba. Shekara uku in waya ta yi tsatsa ko an sace ƙarfe, shingenka na nan tsaye.

Sabon Manomi:

Assalamu alaikum, na dawo in ba ku labari tunda kun ba ni lokacinku, yau kwana 24 da na yi tambayar.

Baba, Allah ya ƙara girma. Mun tsaya da mai unguwa da maƙwabta uku, ashe ta yamma igiyata ta shiga gonar wani bawan Allah kusan ƙafa biyu, biyu daga ramuka 6 na farko a cikin nasa suke. Bai yi faɗa ba, da kansa ya nuna min wata tsohuwar kututturen dashi da mahaifinsa ya kafa a kan iyaka, muka ja daga nan, ya kuma ce in yanki rassa a nasa shingen in lokaci ya yi.

Maƙeri ya yi min dagi uku. Ruwa kura biyu kullum da yamma har kwana shida, ranar farko da safe da na soka dagi na ji ya nutse, na kwaso jar laka da hannuna a ramin da diga take tartsatsi, sai da na zauna a bakin ramin na yi hamdala. Ramuka 58 haka suka tafi, 7 na matsar da su kan igiya kamar yadda oga birkila ya ce, 5 suka gagara har da kusurwar arewa, sai kuma ramin get na dama, su na kira masu rijiya mutum biyu suka fasa a yini ɗaya da rabi, sai dai tsakuwa ta fallatsa ta sami ɗayansu a gefen ido, Allah ya kiyaye bai shiga ba, duk mai irin wannan aikin dan Allah ya sa ko tabarau ne.

Hular ƙarfen mai walda ta yi aiki sosai, bayan an fere bakin ko ɗaya bai sake lanƙwashewa ba, har maƙwabcin nan ya ce in ara masa. A kan kankare na raba muku gardama, na sa wa ɗaya na tsallake ɗaya, sauran na daɓe da marmara kamar yadda Baba ya kwatanta, kuma gaskiya ne ƙasar ba ta isa ba sai da muka ƙaro.

Get na tone, dunƙulen kankaren da ya fito bai fi girman ƙwarya ba kuma da hannu yake marmashewa. Na sa fayif inci 4 mai ƙafa 9, rami ƙafa 3, kwana takwas ina ba shi ruwa, shekaranjiya muka rataya, ƙanena ɗan shekara goma da hannu ɗaya ya tura shi ya buɗe.

Hajiya ta Maraɗi, kuɗina bai kai raga duka ba, na sa ta a gefe biyu da awakin suka fi shigowa, sauran na ja layi shida na saƙa ƙaya a ƙasa. Kwana huɗu ke nan ban ga kashin akuya a ciki ba, gwaiba uku da na cire rai da su sun fara toho. Rassan dashi suna jingine a inuwa, jiya da yamma hadari ya ɗan haɗo ta gabas ya watse, ran Asabar zan fara kafa su. Tazara nawa ake bari tsakanin reshe da reshe?